Turaren Inna a Bin Omran

Daren Talata, unguwar Bin Omran a Doha, ana tsakiyar Kofin Duniya.

Sati uku ke nan, har yanzu baƙuwa nake a ɗakin nan. Shekara biyu korona ta hana ni tarewa, ƙarshe jirgi ne ya kai amarya, ba gwaggo, ba guɗa.

Yau da la'asar na kunna turaren wutan da Inna ta cusa min a akwati. Hayaƙi na tashi, iska na kaɗa labule, sai na ji kamar tsakar gidanmu ta Gusau ce ta haye teku ta zo.

Mijina Sani ya dawo daga gadin filin wasa. Kullum da makulli yake buɗewa, yau da ya ji ƙamshin sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum, masu gida."

Na tsaya ina jiran masu gidan su amsa. Ashe da ni yake.