Kaset ɗin Baruwa

Diffa, 3 ga Janairu

Ɗana Mudassir,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da Nadiya da yara. Ya Yamai, ya aiki? Mu nan sai godiya. Innarka tana yadda ka bar ta: yau ta san ni, gobe ta tambaye ni baƙon wane ne.

Na ga hotunan akwatuna uku da ka turo, waɗanda ka ce ana haɗa su da tsofaffin lasifikokina su jawo waƙa daga intanet. Ka ce in zaɓa. Na sa tabarau, na duba har idona ya yi ruwa. Duk baƙaƙe ne, kamar a jera maka tukwane a rufe a ce faɗi wadda ta ji gishiri. Ka ce kowanne ya san waƙa miliyan ɗari. Madalla da su. Ni guda nake nema.

Kaset ɗin nan ne da na ɗauka a Baruwa shekarar da aka haife ka, mata na tsinkar tattasai suna waƙa. Innarka ba ta karɓar abinci sai yana juyawa. Jiya rediyon ya tauna shi karo na uku. Na zaro zaren da tsinke, na naɗe da biro. Tambayi mai kantin ko akwatinsa ya taɓa zuwa Baruwa.

Mahaifinka,
Grema

Diffa, 21 ga Janairu

Mudassir,

Ina gaishe ku, amma yau gaisuwar gajera ce, raina a ɓace yake.

Akwatin ya iso. Na tsakiyar da na zaɓa ne, don shi kaɗai ke da ramin da ake soka kile, ɗan abin nan mai kamar yatsa da ka ce a juye kaset a ciki. Na kai wa Ishaku mai gyaran waya aikin. Mutumin kirki ne, sai dai ya yi mini alherin da ban roƙa ba. Wai ya wanke sautin. Ya cire shuuu ɗin, ya cire zakara, ya cire kukan jakin maƙwabcinmu Abbakar. Sannan a tsakiyar waƙar akwai inda kakarka, Allah ya jiƙanta, take ƙwala wa innarka kira daga bakin kogin Komadugu, Meram, Meram, wai ta zo jaririn yana kuka. Wannan ma ya yanke. Ya ce wata tsohuwa ce ke ɓata wa mawaƙa aiki.

Na kunna. Tas, kamar a gidan rediyo. Innarka ta karkata kai tana saurare. Da aka wuce wurin, ta ture kwanon. Kwana biyu ke nan sai kunu, shi ma da lallashi.

Shekara nawa ina zaton waƙar take so. Ashe uwarta take jira.

Ishaku bai ajiye abin da ya fara juyewa ba, a kansa ya yi wankin, sai dai a sake juyowa daga kaset ɗin. Ya ce zaren ya siranta, juyi ɗaya ya rage masa, in ma ya kai. Ku sa mu a addu'a.

Mahaifinka,
Grema

Diffa, 24 ga Janairu

Ɗana,

Da fatan kun tashi lafiya. A shafa mini kan yara.

Na koma wurin Ishaku da kaset ɗin ya sake juyewa, na ja kujera na zauna masa a ka. Na ce in ya taɓa ko kukan jakin, zan kai ƙararsa wurin uwarsa. Muka yi bisimilla, ya danna. Tunda nake ban taɓa jin waƙa mai tsawon wannan ba. Zakara ya yi cara, na ce saura kaɗan. Kakarka ta yi kiranta, sau biyu, cikakke. Ba a yi wani baiti uku ba zaren ya tsinke. Ƙarshen waƙar ya tafi ke nan har abada. Ni dai ban yi masa kuka ba.

Bayan azahar na soka kile a akwatinka, na ajiye tuwo gabanta. Da kiran ya zo, innarka ta amsa da ƙarfi har Zulaihatu maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ta cinye, ta suɗe hannu.

Kada ka wahalar da kanka da maganar intanet, rezon namu ma, wato sabis ɗin waya, sai ya ga dama. Akwatinka mai waƙa miliyan ɗari ya samu aiki guda, kuma yana yinsa sau uku a rana. Kukanka ma ya fito sarai. Ashe tun kana goye kake katse wa mutane waƙa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Grema