Kuɓewar da Aka Yanka da Askar Gado

Zuwa ga Hajiya Hadijatu,

Assalamu alaikum. Ki taimake ni, 'yar nan, gidana na neman rabewa biyu a kan guntun ƙarfe. Da hannuna nake rubuto miki, da ɗan karatun yaƙi da jahilci, don in na sa jika ya rubuta, kafin la'asar duk Daura ta ji. Sunayen ma na sauya su.

Gidanmu gidan wanzamai ne. Marigayi maigidana ya gaji zabira a wurin mahaifinsa, yanzu tana hannun ɗana na ƙarshe, mu ce da shi Auta. Cikin kayan akwai wadda ake ce wa askar Kaka, wai kakan maigidana ya sa aka ƙera ta da tama, ƙarfen gargajiya da ake narkarwa daga dutse. Ba a askin kasuwa da ita. Ranar suna kawai ake fito da ita, a aske jaririn gidan, a shafa mata mai, a mayar.

To ina da jika, Misbahu, mijin nan nawa marar cefane. Bai iya aski ba, ko gemunsa a shago ake yi masa da inji, amma Allah ya ɗora masa ciwon tara tsofaffin asake. Kullum yana kan babur tsakanin Mai'adua da Zango, yana kwaso na maƙeranmu da na Turawa masu naɗewa. Ya jera su a akwatin gilashi, kowace da 'yar takardarta. Na ce masa da zai riƙa kallon matarsa yadda yake kallon tsatsa, da tuni ta yi ƙiba.

Watan jiya ya roƙi Auta ya ba shi askar Kaka ya ɗauki hotonta. Ya ɗora mata wani gilashi mai kumbura abu, sai ya hango rabin lamba a gindinta, inda fatar ƙota ta cinye. Wai wannan ƙarfen sifirin ɗin mota ne, kuma a zamanin Kaka ina aka ga mota? Shi ke nan ya yanke hukunci: baffansa Auta ya sayar da ta ainihi, ya musanya da wannan. A zaure ya faɗa, gaban mutane. Auta ya ce zai dafa Alƙur'ani, Misbahu ya ce a gaban alƙali zai dafa. Yau kwana ashirin ba sa gaisawa. Ga matar Misbahu ta shiga watan haihuwa, kuma mijin ya rantse wanzamin waje zai ɗauko ranar suna. Wanzamin waje, Hajiya, a gidan wanzamai.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, ni ce.

Shekarar da aka daina fam da sule, ina amarya, maigida ya tafi ƙauye yi wa yara kaciya, kwana huɗu. Askar Kaka ba ta tafiya, tana ɗaki a naɗe. Aka jibge mini kuɓewa in yanka a shanya, wuƙar gidan kuwa ko tuwo ba ta yankawa, uwar mijina tana ta cewa ba a koya mini komai a gidanmu ba. Mace ba ta taɓa kayan zabira, na sani. Amma na ɗauko askar. Wallahi ban sake ganin yanka irin na ranar ba, siriri kamar takarda. Na je bakin rijiya in wanke yauƙin, ta suɓuce. Har yau ina jin ƙarar faɗawarta.

Yayana Hamma na kai wa kuka. Ya je Zango wurin Ɗantsoho maƙeri, wanda ya san askar, cikin kwana biyu ya ƙero wata, aka naɗe ƙotar da wata tsohuwar fata, aka shafe ta da mai da baƙin tukunya. Rijiyar kuwa an cike ta tun da famfo ya zo, kuma a kanta aka gina ɗakin Misbahu. Yana can yana cin ƙurar kasuwanni, abin da yake nema yana ƙarƙashin gadonsa.

Maigida bai taɓa ganewa ba, Allah ya jiƙansa. Har ya rasu yana yabon miyata. In dai ta kuɓewa ce sai ya ce duk ƙasar Daura babu mai hannun yanka kamar ni, sai ka ce 'yar wanzamai, ya yi ta dariya shi kaɗai.

Hamma ya rasu, Ɗantsoho ya rasu. Ni ce kuma na shekara hamsin ina korar surukai daga kusa da zabira. Da wane ido zan kalle su? Na yi tunanin in ce aikin aljanu ne, amma yaron nan sai ya ɗora musu gilashi. Ki gaya mini yadda zan kashe wutar nan ba tare da sunana ya fito ba.

Kaka Mai Kuɓewa, Daura

*

Wa alaikumus salam, Kaka.

Na yi dariya, amma ba ni da hanyar da kike nema. Duk ranar da kika ƙara yin shiru, ɗanki ne yake yawo da sunan ɓarawo saboda kuɓewarki. Kunyar surukai ta mako guda ce, sunan sata kuwa har 'ya'yansa zai bi.

Misbahu ya yi daidai a kan ƙarfe, ya yi kuskure a kan mutum. Ya iya karanta aska, a yaba masa. Amma rabin lamba ba ta faɗi wanda ya musanya ba, kuma tozarta baffa a zaure ba ƙaramin laifi ba ne. Shi ma Auta da ya tsaya ya duba abin da aka nuna masa, da ba a kai ga maganar alƙali ba.

Kada ki jira haihuwa. Ki fara kiran Auta shi kaɗai, ki faɗa masa, ki nemi gafararsa, don shi aka zalunta. Sannan ki kira Misbahu. A zauren da ya yi zargi, a nan zai janye, gaban mutanen da suka ji. Ya isa ya ce ya tabbatar an sauya askar tun kafin a haifi baffansa. Sauran bayani na cikin gida ne.

Ki kuma tuna masa cewa da wannan askar aka aske mahaifinsa, da baffansa, da shi kansa. Ya san maƙerinta yanzu, ya san shekararta, ya san dalilinta. A akwatinsa wace ce ya sani haka? Ya rubuta mata takardarta, Auta kuma ya aske jariri da ita. In ya kawo zancen tone ɗaki, ki ce matarsa ba ta yarda ba.

Sai maganar marigayi. Kaka, wanzamin da ya tashi da aska a hannu, daga wasawar farko yake sanin ba ita ba ce. Ki sake tuna abin da yake faɗa a kan kuɓewa, da dariyar da yake yi shi kaɗai. Ya sani, ya rufa miki asiri har kabarinsa. Ke kuma ki wanke masa ɗansa.

Allah ya sauki mai ciki lafiya, ya jiƙan mai zabira.

Hadijatu