Saura Yatsu Huɗu

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, ya ciwon gwiwar? Ina fata Yaya da iyalinsa suna kula da kai.

Likita ya ce zai sallami surukinka ranar Alhamis ta sama, amma ɓarin jikin da ya shanye bai dawo ba, a keken guragu zai zauna. Na auna keken, na auna ƙofar gidanmu, yatsu huɗu suka hana. Ka san dokar tsohuwar unguwa, ko ƙusa ba a bugawa a fuskar gida sai kwamitin adana gine-gine ya yarda. Na je ofishinsu sau uku. Jami'ar ba muguwa ba ce, amma ta ce ƙofar da ta shekara ɗari biyu, har da allon tagullarsu a jiki, ba mai taɓa ta. Abu ɗaya dokar ta yarda da shi, a mayar da gini yadda yake tun asali.

Baba, ka yi haƙuri, Mama ta gaya mini kafin ta rasu. Gara ce ta cinye ƙofar asali, ka cire ta ba izini, ka sassaƙa wannan, ka tsufar da ita da hayaƙi da mai. Katakonka bai kai faɗi ba, sai ka cike gefen da bulo ka shafe. Ashe mashigar asali ta fi wannan faɗi! Kwamiti zai zauna Laraba. Don Allah ka zo ka faɗa musu da bakinka.

'Yarka,
Auta

Baba,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya, tunda Yaya ya ce wasiƙata ta iso, ka karanta ka cusa a aljihu.

Na san abin da nake roƙo. Kai ka koyar da rabin kafintocin kwamitin, takardar yabonsu tana rataye a ɗakinka, shekara talatin ana kawo ɗalibai su kalli ƙofar nan kana gefe kana gyaɗa kai. To amma dangin surukinka sun ce in bai iya shiga gidansa ba, za su wuce da shi garinsu daga asibiti, tafiyar yini guda. Wallahi na ɗauko guduma jiya na tsaya gaban bangon, sai na tuna maƙwabcinmu mai gyaran agogo da aka rufe wa gida wata shida kan taga ɗaya. Na ajiye.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. In ba ka zo ba zan faɗa da kaina, su ce 'yar kafinta ta yi wa ubanta ƙarya. Ban so mu kai nan ba.

'Yarka,
Auta

Baba,

Ina gaishe ka, ya gajiyar hanya? Ka tafi ko ruwa ba ka sha ba.

Ina wurin lokacin da ka miƙe a gaban kwamitin ka faɗa musu da bakinka. Na ga shugabansu, ɗalibinka na fari, ya kasa ɗaga ido sa'ad da kake nuna masa inda bulon ya fara. Sun yarda a mayar da mashigar yadda take tun asali, amma na ji sun cire sunanka daga jerin masu gyaran tsofaffin gidaje. Kuma da ka kwance ƙofar da hannunka, ka hana kowa taimaka maka, lungu na shiga na yi kuka.

Surukinka ya shigo jiya da hantsi, keken bai ko gogi bango ba. Bakinsa bai sake sosai ba, amma kalmar da ya fara haɗawa a tsakar gida kai ya tambaya.

Ban san ko ka yafe mini ba, kuma ba zan ce na yi nadama ba. Na gyara maka ɗakin ƙasa. Ka zo ko ba za ka yi mini magana ba.

'Yarka,
Auta