Shafi Arba'in da Yaya Bai Tambaya Ba

Litinin, 3 ga Maris

Farfesa ya dawo mini da babi na biyu na binciken digirina, jan biro ko'ina. Inda na rubuta cewa duk mai ƙin neman bayani yana da naƙasu, ya ja layi ya rubuta, "Wa ya ce?" Ni na ce mana. Shekara goma sha ɗaya ina koya wa ɗalibai a laburare: ka nemo, ka tantance, ka yi amfani da shi. Wai sai yau za a tambaye ni wa ya ce.

Laraba, 5 ga Maris

Sakamakon gwajin Yaya ya fito. Ciwon daji ne, a hanta.

Asabar, 8 ga Maris

Kwana uku ina tonon mujallun likitoci. Shafi arba'in na buga. Na same shi a shago, gilashin masu gyaran agogo maƙale a ido, yana gyaran agogon wani. Ko zama ban yi ba na fara karanto masa: cikin mutum ɗari masu irin ciwonsa...

"Ƙamus," in ji shi, sunan da ya laƙaba mini tun ina firamare, "na tambaye ki?"

Na ce haƙƙinsa ne ya sani. Kuma na faɗi adadin, ni da bakina. Ya ajiye agogon. Ya cire gilashin daga ido.

Talata, 11 ga Maris

Bai buɗe shago ba. Matarsa ta ce ya juya fuska bango, abinci ma sai da lallashi. Kira shida, bai ɗauka ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Farfesa ya tambaye ni: bayani abu ne da ke kwance a takarda, ko kuwa abin da yake yi wa mutum in ya shige shi? Na zuba masa amsar littafi, har da sunayen masana. Daga nan na shiga banɗaki na yi kuka mai isata. Abin da na kai wa Yaya babu ƙarya ko ɗaya, majiyarsa ingantacciya. Da shi na rufe masa shago.

Lahadi, 30 ga Maris

An kwantar da shi a asibiti. Ya yarda na shiga. "Yau babu lacca?" in ji shi. Dariya ta sa shi tari. Na ce Yaya ka yafe mini. Ya ce in miƙo masa ruwa.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Likita ta tare ni a baranda riƙe da fayil. Wai sabon hoto ya fito, tunda ni ce mai karatun gidan in zo ofis ta nuna mini. Na ce sai anjima.

Ba gudu nake yi ba. Farcen Yaya ne ya yi tsawo. Na yanke masa duka goman a hankali, yana ba ni labarin wani tsohon agogon bango da ya taɓa wahalar da shi sati guda. Bai kai ƙarshen labarin ba barci ya ɗauke shi, hannunsa a nawa, ni kuwa ban so in motsa ya farka.

Har likita ta tashi aiki ban je ba.