Gawon Gaban Shaguna

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Rahila da yara. Yaya aiki, yaya Fatakwal? Mu nan Samaru lafiya, ƙafar Mama ma da sauƙi.

Yaya, rigima ta tashi a shagunanka na Chikaji kan gawon da na zaɓa muka dasa, don ba ya buƙatar ban ruwa. Ka san da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore shar. Masu haya ba su sani ba. Ɗayansu, Mista Okoro mai sayar da taya, ya ce itace ba ya bushewa ana ruwa, sai dai an yi wa wurin asiri. Jiya na tarar ya kawo mai gatari. Na jingina da gawon, na ce su fara da ni. Yanzu sun ce ran Asabar ko a sare, ko su tashi.

Ba sa jin maganata, tunda ba ni ce mai wurin ba. Don Allah ka kira Mista Okoro, ka ce ya jira rani.

Ku sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Gatarin dai na ƙwace shi, yana ƙarƙashin gadona.

Ƙanwarka,
Ladi