Ordinatar da Za Ta Karɓi Linux

Galma, 9 ga watan Yuli

Zuwa ga yayana Halidu, a Kotonu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Aziza da yara. Mu nan ruwa ya sauka, hatsi ya tsira. Baba dai yana nan yadda ka bar shi, ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi. Ni ke tada shi, ni ke ba shi fura da ludayi. Ko rijiya na tafi, sai ya yi ta kiran sunana.

Shi ya sa na bar gurbin da anka ba ni a jami'ar Tawa, ban dai gaya maka ba. Malam Nuhu, wanda ya karantar da ni a lise, wato babbar sakandare, ya samo mini karatun gyaran ordinata, wato kwamfuta, ta intanet, wata tara, ina zaune gida. Sharaɗinsu ordinatar hannu mai aiki da Linux, tsarin nan na kyauta da ba a biya masa lasisi. Farkon Satumba za a fara, wanda bai shirya ba a ba wani wurinsa.

Na sai da tumaki biyun da Inna ta bar mini, na je Madawa na sayi wata tsohuwar ordinata. Mai shagon ya rantse mini za ta yi. Da Malam Nuhu ya sa mata Linux ta tashi, amma ba ta ganin wifi, batir kuma ba ya kai rabin awa. Na koma, mutumin ya ce abin da ya fita shagonsa ba ya dawowa. Ranar nan Baba ya faɗo daga gado yana nemana. Tun sannan ban sake barin gari ba.

Yaya, ka duba mini a kasuwar nan taku. Ba sabuwa nake so ba, tsohuwa mai araha wadda anka yi aiki da ita a ofis ta isa. Malam Nuhu ya ce ka sa wani mai gyara ya zuba maka Linux a kile, ɗan abin USB ɗin nan da ake sokawa, a tada ordinatar da shi gabanka. Kada ka biya sai wifi ya kama, ka ji sauti, ka ga kamara. RAM, wato ƙwaƙwalwarta, ya kai giga takwas, batir ya riƙe awa uku, ka san halin wutarmu. Wanda ya ƙi a gwada, bar masa abinsa. Iro direba zai taso daga Kotonu ƙarshen Agusta, ka ba shi ya kawo mini.

Na san nauyin da ke kanka. Ban ce ka dawo ka karɓe ni ba, kuma ban yi nadamar zama da Baba ba. Amma sa'o'ina duk sun tafi, ni kullum daga ɗakinsa sai madafa. Ina so ranar da Allah ya yi ikonsa, ta iske ni da sana'a a hannuna.

Ka gaishe da Aziza, da Sufyanu da Fatiha. Gwaggo Kaltuma tana gaishe ka. Baba ya ce in rubuta maka Allah ya yi maka albarka.

Ƙanwarka,
Nafisa