Ashe Har a Koriya Ana Kiran Umma

Yaya Bashir,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Mu nan unguwar Rusaifa lafiya lau, alhamdulillahi.

Wallahi abin da na gani ranar Juma'a ya tsaya mini a rai. Ƙanwarmu Hafsa da ƙawayenta, 'yar Indonesiya da 'yar Sudan, kullum suna falo suna kallon finafinan Koriya, har gaisuwar can suke yi wa juna. Umma kuwa ta tsani abin, korarsu take yi. Ranar, bayan la'asar suna cikin kallo, sai wani saurayi a fim ɗin ya fashe da kuka yana "Umma! Umma!" Ashe su ma haka suke kiran uwa. Sai ga Umma ta fito daga kicin a guje, hannunta duk ƙullu, tana cewa, "Na'am, Bashir?"

 Ta kalli talabijin, ta zauna, ba ta kori kowa ba. Da aka gama ta ce, "Shi dai ya nemi uwarsa."

Yaya, wata huɗu ba ta ji muryarka ba. Don Allah ka kira ta.

Ka gaida mutanen gida, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Nura